Maƙabartar Fort Parker da yarinyar da Komanci suka ɗauke

Su wane ne Komanci?

Ƙabila ce ta 'yan asalin Amurka, gwanayen hawan doki, masu iko da filayen Texas da Oklahoma. Abinci da sutura da tanti duk daga ɓauna suke samu. Da Turawa suka fara share gonaki a bakin ƙasarsu, sai zaman ya ƙi daɗi.

Me ya faru a Fort Parker?

Iyalan Parker sun kafa ɗan sansani kewaye da shingen gungume kusa da kogin Navasota a Texas. Ranar 19 ga Mayu 1836, yawancin maza suna gona, mayaƙan Komanci da abokan kawancensu suka iso ƙofa ɗauke da farar tuta. Aka kashe maza biyar, aka tafi da mata da yara biyar. An binne mamatan a kabari ɗaya, yana nan har yau a maƙabartar da ke kusa da garin Groesbeck.

Ina labarin waɗanda aka kama?

An fanso huɗu. Cynthia Ann Parker kuwa, mai shekara tara, ta zauna shekara 24. Ta auri wani shugaban mayaƙa, Peta Nocona, ta haifi 'ya'ya uku, Turanci ma ya kusa ɓace mata. A Disambar 1860 dakarun Texas suka kamo ta a kogin Pease tare da 'yarta, suka miƙa wa danginta. Su a ganinsu ceto ne. Ita kuwa ta sha yunƙurin gudu, kuma ba ta sake ganin 'ya'yanta maza ba har ta rasu.

To, yaya yaƙin ya ƙare?

Yunwa ta fi bindiga aiki. Maharba Turawa sun ƙarar da ɓauna, sannan a 1874 sojoji suka harbe dawakin ƙabilun sama da 1,000 bayan harin da suka kai musu a kwarin Palo Duro. Ɗan Cynthia Ann, Quanah, ya miƙa wuya a sansanin sojoji na Fort Sill da ke Oklahoma a 1875.

Me ya sa kaburburan ɓangare ɗaya kawai ake gani?

Turawa suna sassaƙa suna da shekara a dutse. Komanci kan saka gawa a tsagin dutse ko kogo su rufe, ba rubutu. Shi ya sa mai yawon maƙabartu rabin labari yake karantawa. A 1910 Quanah ya sa aka kai ƙasusuwan mahaifiyarsa Oklahoma, kuma tun 1957 kabarinta da nasa suna kusa da juna a Fort Sill.