Waiwaye: Kuɗin Uwa da Tasowar Yaro a Arewacin Kamaru

Idan ana gardamar ko aikin uwa yana cutar da yaro, ofis da albashi ake hange. A unguwannin Hausawa na Garwa da Marwa kuwa, uwa ta daɗe tana nema, ko da tana cikin kulle: ƙosai, man gyaɗa, ƙuliƙuli, kitso, ga adashi. Maigida ya kawo hatsi da kuɗin cefane, amma sabulu, maganin zazzaɓi da kayan ɗakin 'ya mace, sau da yawa daga ƙullin zanen uwa suke fita. Sai dai macen da ba ta fita tana buƙatar mai fita a madadinta, kuma 'yarta ce ke ɗaukar tire.

A karkara, bayan kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974, babban kuɗi yana shigowa ne sau ɗaya a shekara, galibi a hannun maza. Tukunyar kullum kuwa ba ta jiran kaka.

Nauyin ya ƙara komawa kan mata lokacin da tattalin arziki ya durƙushe. An zaftare albashin ma'aikata a 1993, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Magani ya yi tsada, sana'ar da ake kira ta rage zafi ta koma mai ciyar da gida. Da aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a 2000, kuɗin ƙungiyar iyaye da na littattafai suka ci gaba da zama a wuyan iyaye, kuma ba wanda ya biya uwa cinikin da za ta rasa ran da yarinya ta tafi aji. A ganina, nan aka fi yin sakaci. Ribar da ke cika cikin ƙarami da koko, ita ce ke hana yayarsa karatu.

Daga 2014, rikicin Boko Haram ya tsayar da cinikin kan iyaka. Binciken gwamnati na shekarar ya nuna kashi 74 cikin ɗari na mutanen jihar Arewa Mai Nisa, inda Marwa take, suna cikin talauci. A 2018 an gano kashi 29 cikin ɗari na yaran Kamaru 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma abin ya fi ƙamari a arewa.

Dokar ƙwadago ta 1992 ta ba mai jego hutun mako 14, amma mai suyar ƙosai ba ta cikin lissafi. Wata macen ko arba'in ba ta yi ba ta koma gaban kasko. Abin da ya fi kusantar ta shi ne shirin tallafin kuɗi da aka fara a 2013 tare da Bankin Duniya, wanda aka gwada a gundumar Soulédé-Roua ta Arewa Mai Nisa, ana miƙa kuɗin galibi ga matan gida. Sai kuma takardar lafiya ta masu ciki da ta zo a 2015, wadda ake saya sefa 6,000 ta ɗauke awo da haihuwa.