Mene ne yubiyaitis, kuma me ya sa ya fi yi wa ƙananan yara illa?

Idan aka ce ciwon ido, apolo ne ke faɗo wa yawancin mutane a rai: ido ya yi jajir, ga kwantsa, ga ƙaiƙayi, bayan mako ɗaya ko biyu ya wuce. Wannan a saman ido yake tsayawa. Yubiyaitis kuwa kumburi ne a can ciki, a shimfiɗar tsakiya ta ƙwayar ido, wadda ta haɗa zoben nan mai launi da ke kewaye da 'yar kafar da haske ke shiga, da kuma jijiyoyin jinin da ke ciyar da bangon bayan ido. Wani lokaci ƙwayar cuta ce ke jawo shi, kamar ta tarin fuka, amma sau da yawa garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa idon.

Shekarun yaro su ne ke yanke hukuncin irin ɓarnar da zai yi. Ba a haifar jariri da cikakken gani. Ƙwaƙwalwa koyon gani take yi a hankali, har zuwa wajen shekara 7 ko 8. Idan a wannan tsakanin ido ɗaya yana aika mata hoto dishi-dishi, sai ta yi watsi da shi ta dogara da ɗayan. Likitoci suna kiran wannan ambiliyofiya. Ko an kashe kumburin daga baya, idon na iya zama rarrauna, domin lokacin koyon ya wuce. Shi ya sa, tun lokacin bai wuce ba, ake rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i a kullum, don a tilasta wa mai raunin yin aiki.

Abin takaicin, a wajen ƙananan ne ciwon ya fi ɓoye kansa, musamman masu fama da amosanin gaɓɓai na yara, kuma 'yan matan da amosanin ya kama kafin shekara 7 sun fi shiga haɗari. Idon fari tas, babu zafi, babu hawaye, yarinya tana ta wasanta. Yarinya 'yar shekara 3 ai ba ta san yadda gani ya kamata ya kasance ba, balle ta yi ƙorafi. Sai likita ya ɗora haɓarta a kan na'ura, ya haska siririn haske, sannan ya ga fararen ƙwayoyin jini suna yawo a ruwan gaban idon kamar ƙura a hasken da ya ratso taga. Saboda haka ake duba irin waɗannan yaran duk bayan wata 3, ko da babu wata alama. In an yi sake, yanar ido da hawan jinin ido na biyo baya.

Wanda ya tasa, kamar ɗan shekara 12 zuwa sama, nasa da sauƙi ta wannan fuskar. Ƙwaƙwalwarsa ta gama koyo, kuma yana da bakin faɗa: ido na yi masa zogi, haske na damunsa, ko yana ganin ɗige-ɗige na shawagi a gabansa.

Maganin farko ɗigon sitiroyid ne, wato maganin kashe kumburi, sai dai shi ma idan an daɗe a kansa yana haifar da yanar ido da hawan jinin ido. Don haka idan kumburin ya ƙi lafawa, likitoci kan koma ga magungunan da ke lallashin garkuwar jiki, irin su metotireksat da adalimumab. Ragowar ɗigon da aka rubuta wa wani, kada a kusanto da shi idon yaro.