Tashar South Ferry: ina jirgin ƙarƙashin ƙasa yake juyawa idan dogo ya ƙare?

Ɗan ƙanwata da ke aji biyar a sakandare nan Bauchi ya ga bidiyon jirgin da ke bin ƙarƙashin birnin New York na Amurka, sai ya tsare ni da tambayoyi a ƙofar gida bayan sallar isha'i. Juyi ne ya ɗaure masa kai. Direban bas a tashar Muda Lawal idan ya sauke fasinja sai ya yi ribas, yaron mota na buga masa bodi, ya juya. Jirgi kuwa ba shi da sitiyari. Na ɗauki tasha ɗaya, South Ferry, na yi masa bayani da ita, ina zana masa a ƙasa da tsinke.

Kawu, ina take, kuma me ya sa ake kiranta tashar ƙarshe?

Tana can ƙarshen kudancin tsibirin Manhattan, inda tudu ya ƙare ruwa ya fara. Nan jirgin layi mai lamba 1 yake tuƙewa bayan ya taso daga unguwar Bronx a arewa. Wanda ya sauka yana haurowa sama sai ga tashar jirgin fito mai kai mutane tsibirin Staten, sunanta kuwa daga wani tsohon fito mai zuwa Brooklyn ta samo shi.

To yaya jirgin yake komawa?

Dabara biyu ce, kuma wannan tasha ta ɗanɗani kowacce. Ta farko ita ce a lanƙwasa dogon ya yi zobe, kamar bakin ludayi. Jirgi ya shigo, ya sauke mutane, ya ci gaba da tafiyarsa, lanƙwasar da kanta za ta mayar da hancinsa inda ya fito. Direba ko tashi daga kujerarsa ba zai yi ba. Haka aka gina tsohuwar tashar da aka buɗe a 1905, shekara ɗaya da fara aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa a birnin.

Ta biyu ita ce a bar dogon a miƙe, layi biyu da dakalin hawa a tsakiyarsu. Irin wannan jirgi yana da mazaunin direba gaba da baya, saboda haka ba ya juyawa sam. Ana kulle wannan kai, a koma wancan, baya ya zama gaba. Kafin bakin tasha akwai mahaɗa mai kama da almakashi, wadda ke ba jirgi damar tsallakawa daga layin shigowa zuwa na fita.

Ni dai zoben ya fi mini sauƙi. Me ya sa suka bar shi?

Ni ma a zane ya fi burge ni. Amma an yi shi ne daidai da gajerun jiragen wancan zamani. Da birni ya cika aka mayar da jirgi tarago goma, sai ya zama biyar na gaba kaɗai ke samun dakali, sauran biyar ɗin suna cikin rami a duhu, ƙofofinsu a rufe. Kullum sai kwandasta ya yi ta shela tun daga tashoshin baya cewa mai sauka a South Ferry ya koma gaba. Baƙon da bai ji ba yana zaune zai ga an zagaya da shi an kama hanyar komawa.

Ga kuma matsalar lanƙwasa. Tarago miƙaƙƙe ne, dakali a lanƙwashe, don haka tsakaninsu akwai wawakeken giɓi da ƙafa za ta iya zurmawa. Sai aka sa wasu faifan ƙarfe masu haƙora kamar matsefi a gefen dakalin: jirgi na tsayawa su zuro su taɓa jikinsa, zai tashi su janye. Ƙafafun jirgin kuma suna ƙugi a kwanar har sai mutum ya toshe kunne. Duk wannan cin lokaci ne, kuma jinkiri a tashar ƙarshe yana bin layin gaba ɗaya.

Yaushe aka gina sabuwar?

Harin 11 ga Satumba 2001 ya rusa wani ɓangare na ramin wannan layi, aka rufe tashar kusan shekara guda. Daga kuɗin da gwamnatin tarayyar Amurka ta ware don sake gina yankin aka haƙa sabuwar tasha a ƙarƙashin tsohuwar, miƙaƙƙiya, mai ɗaukar tarago goma cif, da lif saboda masu keken guragu. Ta ci kimanin dala miliyan 530, aka buɗe ta a watan Maris 2009.

Shi ke nan an huta?

Ina fa! Shekara uku da rabi kacal ta yi. A ƙarshen Oktoba 2012 guguwar Sandy ta turo teku cikin gari, ruwan gishiri kimanin galan miliyan 15 ya cika tashar tun daga dogo har matakala. Zuƙe ruwan bai ɗau lokaci ba, gishirin ne ya cinye wayoyin lantarki da na'urorin sigina. Tsohuwar da aka yi wa ritaya kuwa, da yake ta fi kusa da sama, ɓarnarta da sauƙi. Aka share ta, aka gyara faifan ƙarfenta, ta koma aiki a Afrilu 2013, da shelar tarago biyar ɗinta da komai. Ita ta riƙe mutane har Yuni 2017 da aka sake buɗe sabuwar, wannan karon da ƙofofin tare ambaliya.

Kawu, idan birki ya ƙi fa, tunda gaba bango ne?

A ƙarshen dogo ana kafa matokarin ƙarfe, amma shi na jirgin da ya zo a hankali ne. A Landan, ranar 28 ga Fabrairu 1975, wani jirgi ya shigo tashar Moorgate bai rage gudu ba, ya wuce dakali ya daki bangon rami, mutum 43 suka mutu. Bayan wannan ne a can Landan aka kafa na'urar da ke auna gudun jirgi idan ya doshi tashar ƙarshe. Ya wuce ƙa'ida, ita za ta danne birki ko direba bai taɓa komai ba.

Tashar jirginmu ta Bauchi fa, ita ma ta ƙarshe ce?

A'a, ta ratse ce. Dogon da ya taso daga Kuru ta wajen Jos ya bi ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964, can ne ƙarshensa. Shi kuma irin jirgin nan namu kai ɗaya gare shi mai jan taragai, don haka idan ya kai ƙarshe sai an kwance kan, ya bi ta layin gefe ya zagayo, a sake ɗaura shi a ɗaya ɓangaren. Yaron ya ce ranar Asabar in raka shi unguwar Railway ya ga layin gefen da idonsa, na ce Allah ya kai mu.