Ku bar dokin ya sunkuyar da kai a cikin mota

Ana saura kwana biyar Sallah aka kira ni wani gida a cikin garin Gombe, wai dokin da aka sayo don hawa ya ƙi cin abinci. Ingarma ne ƙosasshe, an ɗauko shi daga kasuwar Maigatari a bayan mota Kanta, kwanansa biyu da sauka. Na same shi tsaye a turke ya buɗe ƙafafun gaba, numfashi sama-sama, dusar da aka dama masa tun safe ƙudaje na bin ta. Da na ɗan danna haƙarƙarinsa sai ya yi nishi ya ja da baya.

"Malam, gajiyar hanya ce kawai, ko?" in ji mai gidan.

Na ce, "Alhaji, bari mu auna tukuna."

Ma'auni ya nuna 40 da ɗoriya. Lafiyayyen doki kuwa zafin jikinsa tsakanin 37.5 da 38.5 yake. Na tambayi yaron da ya rako shi yadda suka taho. Ya ce ai sun ɗaure ragamar tamau a ƙarfen sama don kada ya yi tsalle, kuma tun yammacin Alhamis har hantsin Juma'a ba a kwance shi ba. A nan na gane inda cutar ta shigo.

Allah ya halicci doki ne kansa a ƙasa, yana kiwo mafi yawan yini. Cikin maƙogwaronsa akwai majina da wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, aikinsu su kama ƙura da ƙwayoyin cuta su turo su waje. Sunkuyon da yake yi shi ke taimaka wa wannan datti ya gangaro. Idan aka ɗaure kan sama na sa'o'i masu yawa, dattin ba ya samun hanyar fita, sai ya taru, ya bi hanya zuwa huhu. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, yawanci ba daga wani doki ya ɗauko cutar ba. Ƙwayar tana zaune a hancinsa da maƙoshinsa tun yana lafiya, mu ne muka buɗe mata ƙofa da igiyar da muka ɗaure da niyyar kare shi. In ta yi ƙarfi, ruwa da mugunya kan taru tsakanin huhu da haƙarƙari, shi ya sa yake tsoron motsi, har wasu su ɗauka ciwon ciki ne.

Sannan ga abin da yake shaƙa. Doki ta hanci kaɗai yake numfashi. An rufe motar da tamfal, fitsari na tashi yana yaji, hayaƙin salansa na shigowa, ga busasshiyar harawa an rataye masa daidai hanci, kowane gargada sai ƙura ta tashi. In lokacin hunturu ne abin ya ninka. Ga ƙishirwa, wadda ke sa majinar ta yi kauri ta ƙi gudu.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A bar igiya da tsawon da zai iya saukar da kai ƙasa da kafaɗarsa, amma ba tsawon da ƙafa za ta sarƙe ba. A tsaya duk bayan kamar awa huɗu, a kashe mota, a kai masa ruwa a bokiti a ƙasa ya sunkuya ya sha. Za ku ji yana tari ko yana fyace hanci, kada ku damu, shara yake yi. A yayyafa wa harawa ruwa kafin a ba shi, a kwashe kashi, a ɗage tamfal iska ta ratsa. Tafiyar da ta wuce awa 12, a raba ta biyu, a sauke shi ya kwana a ƙasa. Dokin da ke tari ko majina kuwa, ko nawa aka yi maka ragi, kada ya hau mota sai ya warke.

Bayan sauka, ma'aunin zafi na 'yan kuɗi kaɗan da ake samu a kemis ya isa. A shafa wa ma'aunin ɗan mai, a sa ta dubura, safe da yamma, har mako guda. In zafin ya haura 38.5, ko numfashi ya wuce 16 a minti alhali yana hutawa, ko hancinsa na wari, a nemi likitan dabbobi ranar, ba gobe ba. Ina roƙon masu barga, ku daina yi masa allurar kashe zafi kafin tafiya ko da ya sauka don ya yi kuzari. Zazzaɓin take ɓoyewa, cutar na ci a ciki.

Kuma a ware baƙon doki na mako biyu, da bokitinsa daban. Murar dawaki da ta ɓarke a jihar Sakkwato a ƙarshen 2018 ta kashe jakuna masu yawa, kuma irin wannan cuta tari ɗaya ya isa ya raba ta ga barga guda.

Mai son hawan Sallah, ya sayo dokinsa da sauran mako uku ko fiye. Na Alhaji ya rayu, bayan makonni ana allura, amma bai ga sirdi ba sai bayan wata uku.