Tsohon Littafi Mai Tsarki na gida: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ake riƙe wanda ya tsufa alhali ga sababbi a kasuwa?

Saboda rubutun hannun da ke cikinsa. A gidajen Kiristoci na Garwa, Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, fararen shafukan farko da na ƙarshe su ne kundin iyali: ranar haihuwa, baftisma, ɗaurin aure, rasuwa. Namu na kakanmu ne, bangonsa ya ɓalle har mama ta ɗinke shi da ƙyallen atamfa. A ciki na ga sunan yayar babanmu da ta rasu tana wata huɗu. Ba wanda ya taɓa ambata mana ita. Da na nuna wa baba, ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ashe Baba ya rubuta ta."

Da wane harshe suke?

Ya danganta da hanyar da gidan ya biyo. Cikakkiyar fassarar Hausa ta fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller ya ba ƙarfinsa a Zariya, kuma waɗanda suka yi zama a Yola ko Mubi sukan dawo da ta Hausa. Ta Fulatanci ta fito a 1983. Wasu kuma na Faransanci ne, amma ka tarar an rubuta sunayen da harshen gida.

Yana iya maye takardar haihuwa?

A'a, hukuma takardarta take nema. Sai dai wanda ba a yi masa rajista a kan lokaci ba, in ya tashi neman hukuncin kotu da zai ba shi damar samun takardar haihuwa, shafin nan yana tuna wa iyali ainihin shekarar, ba sai an koma lissafi da "shekarar fara" ko "shekarar yunwa" ba.

Wa ya kamata ya gaje shi?

Galibi babban ɗa ake ba. Ni a ganina, wanda zai ci gaba da rubutu ya fi cancanta, ko da ƙanwa ce, don na ga gidajen da rubutun ya tsaya cak ranar da aka binne maigida.

Yaya za a adana shi?

Gara da damshi ne abokan gabansa, sai ruwa: ambaliyar Binuwai ta 2012 ta shiga gidaje a Garwa. A ɗaga shi sama a akwatin ƙarfe, kada a manna salatif a kan rubutun, a ɗauki hoton shafukan da waya a tura wa dangi. Namu yana wayar mutum shida yanzu, har da kawu da ke Injamena, wanda ya bugo ya gyara mana ranar auren goggo.