Inro: Battar Maganin Japanawa da Tatsuniyoyin da Ke Jikinta

Inro wata 'yar batta ce mai hawa-hawa da mazan Japan suke ratayawa a ɗamara, musamman a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868. Ma'anar sunan ita ce "kwandon hatimi", domin ana danganta asalinta da akwatunan ajiye hatimi da tawadarsa. Amma tun farkon ƙarni na 17 magani ne yawanci ake zubawa a cikinta, ƙwayoyi da gari, kowane iri a nasa hawa. Dalilin samuwarta a fili yake: kimono, rigar gargajiyar Japanawa, ba ta da aljihu, don haka duk ƙaramin abin da namiji zai fita da shi sai ya rataya shi a obi, wato ɗamarar da ke riƙe rigar.

Sassanta

Cikakkiyar inro abu uku ne a kan igiyar siliki guda. Na farko battar kanta, wadda tsayinta bai cika wuce santimita 7 zuwa 10 ba, mai hawa uku zuwa biyar da murfi a sama. Kowane hawa yana da leɓe da ke shigewa cikin na samansa. Igiyar na bi ta wani siririn rami a gefe ɗaya, ta zagayo ƙasa inda ake yi mata ƙullin ado, ta hau ta ɗaya gefen. Na biyu ojime, ɗan dutsen ado mai huda da bakin igiyar biyu ke bi ta cikinsa. In an ja shi ƙasa ya danne murfi, in an ɗaga shi hawayen su buɗe. Na uku netsuke, ɗan sassaƙe na itace ko hauren giwa ko ƙaho, wanda ake cusawa ta ƙarƙashin ɗamara ya fito ta sama ya tokare, don kada battar ta zame. Netsuke na kirki ba ya da tsini ko gefe mai kaifi, saboda zai yaga siliki.

Yadda ake yin ta

Gangar jikin ana yin ta da siririn katakon hinoki, ko takarda da aka lilliƙa, ko fata, sannan a bar ta ta bushe sosai. In an yi gaggawa a nan, daga baya sai ta karkace, hawayen su daina shiga juna, iska da danshi su lalata maganin. A kan wannan ake shafa urushi, ruwan wata bishiya da ake tsagawa bayan ta kai shekara 10 zuwa 15. Bishiya guda ba ta ba da fiye da kimanin giram 200 a kaka ɗaya. Ɗanyensa na sa ƙuraje da ƙaiƙayi mai tsanani.

Urushi ba iska ke busar da shi ba, danshi ne ke sa ya daskare. Ana sa kayan a wani kabad na katako mai laimar kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari, da ɗumin digiri 20 zuwa 30. Ana shafa shi siriri, a jira, a goge da gawayi, a sake, sau da dama. Shafi mai kauri yakan yamutse, domin samansa ya riga cikinsa daskarewa. Maiƙo ko gishirin gumi na hana shi kamawa, ƙura kuma in ta faɗa ta zauna ke nan.

Adon da ya fi shahara shi ne maki-e: a zana hoto da ɗanyen urushi, a barbaɗa garin zinariya ko azurfa ta cikin ɗan bututu kafin ya daskare. Hiramaki-e shi ne shimfiɗaɗɗe. A takamaki-e ana tada hoton da garin gawayi ko laka har ya yi tudu. Togidashi ya fi wuya: a lulluɓe hoton gaba ɗaya da urushi, sannan a yi ta gogewa da gawayi har ya sake bayyana daidai da fuskar battar, kuma gugar da ta wuce kima tana cinye zinariyar. Cikin hawayen galibi nashiji ne, wani yayyafin zinariya mai kama da ɓawon 'ya'yan itacen nashi. Masana na duba ko layin zane ya tsallaka mahaɗar hawa biyu ba tare da ya goce ba.

Tatsuniyoyin da ke jiki

A nan ne inro ta fi daɗin nazari, kuma kuskure ne a kalli fuska ɗaya a ce an gani. Mai zanen yakan raba labari tsakanin gaba da baya, wani lokaci ya kai ƙarshensa kan netsuke. Shoki, mai gemu da takobi, wanda asalinsa Zhong Kui ne na Sin da aka ce ya kori aljani daga mafarkin Sarki Xuanzong lokacin da yake jinya, yakan fito a gaba yana muzurai. Sai an juya battar a ga oni, dodo mai ƙaho, ya laɓe. Da yake Shoki mai korar cuta ne, har ana zana shi da jan launi don kariya daga agana, zamansa a kan battar magani ba ado ba ne kawai.

Wannan alaƙa da lafiya da tsawon rai ta ratsa yawancin hotunan. Gauraka na nuna shekara dubu, kififfiya mai jelar gansakuka dubu goma. Zomon da ke cikin wata, a labarin Sinawa, maganin dawwama yake dakawa, a na Japanawa kuma wainar shinkafa da ake kira mochi. Akwai kuma sennin, waliyyan addinin Tao da ba sa mutuwa: Gama da kwaɗonsa mai ƙafa uku, Tekkai da ke hura ransa waje ya tafi yawo, Chokaro da ke fito da dokinsa daga cikin gora, Kinko da ke hawan babban kifi.

Wasu kuwa na raha ne. Kappa, halittar ruwa mai son kokwamba, ƙarfinsa na cikin ruwan da ke kwanon kansa; in ka rusuna masa ya mayar da gaisuwa, ruwan ya zube. Tanuki, wata dabbar daji mai kama da dila, na buga cikinsa kamar ganga, ko ya rikiɗe ya zama butar shayi, labarin da ake dangantawa da wurin ibada na Morinji a Tatebayashi. Urashima Taro masunci ne da ya ceci kififfiya, aka kai shi fadar sarkin teku, ya dawo ya tarar shekara 300 sun wuce, ya buɗe akwatin da aka hana shi buɗewa ya tsufa nan take.

Salon da ya fi nuna gwaninta shi ne rusu moyo, inda ake zana kayan mutum a bar shi shi kansa. Guduma da buhunan shinkafa da ɓera suna nufin Daikoku. Sandar kamun kifi da jan kifi suna nufin Ebisu. Babbar jaka kuwa Hotei. Dukansu suna cikin allolin sa'a bakwai na Japanawa. Wanda bai san labarin ba zai ɗauka tarkace ne aka zana.

Masu yi da ƙarshen yayinta

Gidajen Kajikawa da Koma sun yi wa gwamnatin shogun, wato shugaban sojan da ke mulkin Japan a lokacin, aiki tsawon zuriya da dama, kuma sa hannu ɗaya yakan bi ta hannun mutane da yawa, shi ya sa suna kaɗai ba ya tabbatar da shekarar batta. Ogawa Haritsu (1663–1747) ya shahara da dasa tangaran da ƙarfe a cikin urushi, Shibata Zeshin (1807–1891) kuma ya yi koyo a gidan Koma. Bayan 1868 suturar Turawa mai aljihu ta yaɗu, buƙata ta ragu, inro masu yawa suka koma hannun masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka. Akwai tarinsu a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan da gidan tarihi na ƙasa a Tokyo.

Adanawa

Haske ne babban abokin gabar urushi. Yana haifar da tsage-tsagen da ido ba ya gani, sheƙi ya dushe, daga nan ko ɗigon ruwa ko tambarin yatsa na iya barin tabo na dindindin. Ana ɗaukar ta da safar hannu, a ajiye a duhu da laimar da ba ta hawa da sauka, kimanin kashi 50 zuwa 60. Bushewa mai tsanani na sa katakon ciki ya tsuke, urushin ya ɓamɓaro. Hawan da ya cije ba a murɗa shi da ƙarfi, domin leɓensa ne zai fara karyewa, kuma ba a shafa mata mai ko kakin goge kaya.