Ƙuri'ar jin ra'ayi da sashe na 179: yadda doka ke ƙirga nasara a Legas

A teburin mai shayi a Agege, wani matashi ya miƙo min waya yana cewa, "Malam, duba nan, ai an gama, namu ne a gaba." Hoton sakamakon wata ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ne kan wanda zai mulki birnin Legas, da aka turo a WhatsApp. Ban tsaya musu da shi kan alƙaluman ba. Na dai tambaye shi: a ƙananan hukumomi nawa?

Da farko, Legas ba ta da magajin gari irin na Landan ko na New York. Ta taɓa yin guda a 1950, Dakta Ibiyinka Olorun-Nimbe, daga baya aka soke kujerar. Yau gwamna ne ke riƙe da birnin, don haka dokar zaɓen gwamna ce abin dubawa.

Sashe na 179 na kundin tsarin mulkin 1999 ya gindaya sharaɗi biyu. Dole ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u. Sannan dole ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin jihar. A sharaɗi na biyu ne ƙuri'ar jin ra'ayi ke yin shiru, domin lamba ɗaya take ba ka ta jihar gaba ɗaya. Mutum zai iya kwashe ƙaramar hukumar Alimosho kaf, ya tara ƙuri'u jibgi, amma idan ba a san shi a Badagry da Epe da Ikorodu ba, lissafinsa na iya ƙin cika.

Ƙananan hukumomin da ake ƙirgawa 20 ne, waɗanda kundin ya lissafa. Guda 37 ɗin da gwamnatin Tinubu ta ƙirƙiro a 2003 lokacin yana gwamnan Legas, waɗanda ake kira LCDA, ba sa cikin wannan lissafi. Kashi biyu cikin uku na 20 kuwa 13 ne da ɗoriya, shi ya sa ɗan takara mai hankali 14 yake nema. Ɗoriyar nan ba abin wasa ba ce. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 Shagari ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12 cikin 19, ya gaza a Kano, sai da Awolowo ya kai shi har Kotun Ƙoli kan ma'anar "12 da biyu bisa uku" kafin aka tabbatar masa da kujerar.

Idan babu wanda ya cika sharuɗɗan, INEC za ta shirya zagaye na biyu tsakanin mutum biyu: wanda ya fi yawan ƙuri'u, da wanda ya ci ƙananan hukumomi mafi yawa cikin sauran. Ka ga ke nan ba lallai ne na biyu a yawan ƙuri'a ya shiga ba.

Sai kuma abin da 2023 ta nuna. Ranar 25 ga Fabrairu, a zaɓen shugaban ƙasa, Peter Obi ya kayar da Tinubu a Legas da ratar ƙuri'u ƙasa da 10,000. Mako uku bayan haka, ranar 18 ga Maris, a zaɓen gwamna, Gwamna Sanwo-Olu na APC ya samu sama da 760,000, ɗan takarar LP, jam'iyyar Obi a lokacin, bai kai rabin haka ba. Masu rajista sun haura miliyan 7, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Mai kiran waya don jin ra'ayi yana tambayar wa kake so ne, bai san ko katinka na Mile 12 ne ko na Ƙaura Namoda ba. 'Yan uwanmu da yawa a gida suka yi rajista, kuma wanda bai nemi INEC ta maido masa da rajistarsa Legas ba, ra'ayinsa bai shiga akwati.

Shi kuwa Sanwo-Olu, ko sanya sunansa a irin wannan ƙuri'a ɓata lokaci ne. An zaɓe shi a 2019 da 2023, sashe na 182 kuma ya hana wanda aka zaɓa gwamna sau biyu sake tsayawa.